Hakin wuya ne ya tona cutar da ke cina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ni tela ce a Malumfashi, matar aure, uwar 'ya'ya uku. Likitoci sun cire mini tayirod, ƙullin naman nan mai ɓari biyu da ke manne a gaban wuya ƙasa da maƙogwaro, kuma kullum safiya sai na haɗiyi ƙwaya ɗaya kafin in karya, haka zan yi har iyakar rayuwata. Mata in sun ji an yi mini aiki a wuya sukan ce, "Ai maƙoƙo ne, Allah ya kyauta." Nakan amsa da amin in yi shiru, amma labarin ya fi haka tsawo. Ta ciwon maƙogwaro ya biyo, ciwon da kowane gida ke ɗauka na kwana biyu ne, a sha citta da zuma a wuce wurin.

Tun bayan da na yaye autana jikina ya fara canzawa. Ina cin abinci fiye da yadda na saba, in ci tuwon dare in farka tsakar dare yunwa na ƙwaƙular cikina, amma zanina sai ƙara zagaye ni yake yi. Sanyin hunturu ya shigo, kowa a gidan yana neman bargo, ni kuwa ina tsakar gida da mafici, gumi na tsattsafo mini. Barci ya ƙaurace mini. Faɗa ya zama abincina, yaro ya zubar da ruwa kaɗan in yi ta masifa har muryata ta dushe, daga baya in shiga ɗaki in yi kuka. Abu biyu ne suka fi tsorata ni. Na farko hannuna, wanda na yi shekaru ina cin abinci da shi: zare ya ƙi shiga kafar allura saboda rawar yatsu, sai na kira yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta zura mini. Na biyu salla. In na yi zaman tahiya zan miƙe, cinyoyina ba sa ɗauka ta, sai na dafa ƙasa da hannu biyu.

Kowa da fassararsa. Wasu suka ce wahalar keke ce, in huta. Aka auna suga ba a samu ba. Aka yi mini maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro. Da ramar ta yi yawa, sai na lura wasu masu kawo ɗinki sun daina shan ruwan gidana, kuma na san abin da ake raɗawa, domin a garuruwanmu mace ba ta ramewa haka a bar ta da sunan ciwo mai sauƙi. Dangin mahaifiyata suka ce iska ce, tunda ga faɗa ga rashin barci ga idanu da suka fara fitowa waje. Aka yi mini ruƙiyya, na kuma ji daɗinta a zuciyata, don ayoyin Allah ba sa taɓa zama asara ga mumini. Amma zuciyar da ke cikin ƙirjina ba ta rage gudu ba.

Ana cikin haka, a tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe gari, maƙogwarona ya kama. Yawu ma ba na iya haɗiyewa, zazzaɓi ya rufe ni. Yayata ta haska bakina da fitilar waya ta ce hakin wuyana ya kumbura dama da hagu, ga farin mugunya a kai. Maigida ya je kemis aka haɗo masa kafso da wata hodar ciwon kai mai asfirin a ciki. Surukata ta leƙo ta dube ni ta ce masa, "Kai ɗan nan, hakin wuya ne ya sauko mata. A kira wanzami ya cire a huta, mu haka aka yi mana." Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a bari zuwa safe mu ga yadda maganin zai yi."

Ba a kai safiyar ba. Cikin dare amai da gudawa suka haɗu mini, jikina ya yi zafin da ban taɓa ji ba, ƙirjina na bugawa har rigata na motsi. An ce na yi ta surutai ina kiran mahaifina da ya rasu tun ina budurwa. Yayata ta taɓa yin aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, ta riƙe wuyan hannuna tana duba agogo, ta ce wa maigida, "Malam, wannan ba na gida ba ne. Bugun ya haura 130, nemo mota." Daga asibitin garinmu aka sa mini ruwa aka tura mu asibitin koyarwa.

Likitan da ya karɓe mu ya fara zargin zuciya, kuma yana da dalili. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke kama tonsil, wato hakin wuyan nan, wadda in ba a kashe ta da magani cikakke ba takan jawo zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya, kuma cutar tana da yawa a ƙasarmu. Aka ɗauki hoton zuciyata, ƙofofin lafiya lau. Sai wani babban likita ya zo zagaye da ɗalibansa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon idanuna. Ya ce in miƙe hannuwa, ya ɗora takarda a bayan yatsuna, takardar ta yi ta karkarwa kowa na gani. Ya ba ni ruwa ya ce in kurɓa in haɗiye, yana kallon gaban wuyana, sannan ya zagaya bayana ya lalube wurin da yatsunsa. Ya ce, "Hajiya, tun yaushe kike jin zafi lokacin da mutane ke jin sanyi?" Wallahi da na ji tambayar nan hawaye ne suka zubo mini. Wata da watanni ina faɗin wannan abu ana ce mini tunani ne, yau ga mutum ya tambaye ni tun ban faɗa ba.

Gwajin jini ya tabbatar. Sinadaran da tayirod ke fitarwa, T4 da T3, sun yi sama ƙwarai, shi kuwa TSH, wanda ke saukowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana ba tayirod umarnin aiki, ya faɗi har na'ura ba ta iya karanta shi. Sunan ciwon cutar Graves, sunan wani likita ne na birnin Dabilin a ƙasar Ailan da ya bayyana ta a 1835. Garkuwar jikin mutum ce ke yin kuskure ta riƙa zuga tayirod ya yi ta aiki ba tsayawa. Da ya ji ni tela ce sai ya ce in ɗauka keken lantarki ne fedarsa ta maƙale a ƙasa, injin na ta gudu ko akwai ƙyalle ko babu. Zuciya, hanji, gumi, tunani, duk gudun suke yi. Ya ce mata sun fi maza kamuwa ninki biyar ko fiye, kuma takan taso wa wasu bayan haihuwa.

Da na samu kaina, tambayar da ta fi damuna ita ce na yi masa. Na ce, "Likita, wai tonsil ɗin nan ne ya jawo mini wannan?" Ya ce a'a, cutar ta riga ciwon wuyan zama a jikina, shaida kuwa ita ce ramar da rawar hannun da suka daɗe. Abin da tonsil ya yi shi ne ya ingiza ta. Mai irin wannan ciwo da ba ya kan magani, duk wata cuta mai zazzaɓi, ko tiyata, ko haihuwa, ko rauni, na iya tunzura shi ya faɗa wani hali na gaggawa: zazzaɓi mai tsanani, zuciya ta ruɗe, hankali ya gushe, kuma ko a manyan asibitocin duniya yana kashe mutane. Ya ce bakin wannan halin na kai. Ya tambayi maigida me aka ba ni a gida, da ya ji batun hodar sai ya girgiza kai, ya ce asfirin yana ƙara sakin sinadarin tayirod a cikin jini, don haka a irin wannan yanayi farasitamol ake bayarwa. Batun wanzami kuwa bai ja shi da nisa ba. Ya ce da an sa aska a maƙogwarona a daren nan, ga mugunya ga zubar jini ga zuciya a wannan gudun, da wuya a kawo ni da rai. Surukata tana zaune a bakin gado, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta sake ɗaga maganar ba, kuma ita ce ta riƙe mini yara duk zaman da na yi a asibiti. Allah ya saka mata da alheri.

A ranakun ganin likita na saba da wata malamar makaranta daga Funtuwa, kuma labarinta ya nuna mini cewa ba ta hanya ɗaya wuya da tayirod ke haɗuwa ba. Ita mura ta yi da ciwon maƙogwaro, suka warke. Bayan 'yan makonni gaban wuyanta ya fara ciwo, ciwon na harbawa har kunne da muƙamuƙi, ko mayafi ya taɓa wurin sai ta ji. Aka yi ta ba ta maganin tonsil kashi bayan kashi, alhali in an leƙa bakinta ba a ganin komai. Sai ga bugun zuciya da gumi da rawar hannu irin nawa. Nata kumburin tayirod ne da kan biyo bayan cutar bairos, wanda wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan mai suna de Quervain ya bayyana a 1904. A nata, tayirod bai ƙara aiki ba, kumburin ne ya sa sinadarin da ke ajiye a ciki ya tsiyaye cikin jini gaba ɗaya. Saboda haka ba a ba ta irin maganina ba, ba zai yi mata komai ba. Maganin kumburi aka ba ta da na rage gudun zuciya, sinadarin ya sauka har ya yi ƙasa na ɗan lokaci, daga baya ya daidaita da kansa, aka sallame ta. Alamominmu iri ɗaya, ciwon wuya ne ya kai mu duka, amma cutar daban maganin daban. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in na ji mace na miƙa wa 'yar'uwarta ragowar ƙwayoyinta tana cewa ai ciwonmu ɗaya.

Ni an ɗora ni a kan kabimazol, a jikin kwalin za a ga an rubuta Carbimazole, wanda ke hana tayirod ƙera sinadarin, da Propranolol mai rage gudun zuciya da rawar hannu. Aka ce maganin na wata 12 zuwa 18 ne. Ranar sallama wata sista, dattijuwa, ta zaunar da ni da maigida da babbar 'yata, ta ce, "Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau, ku ma ku ji. Muddin tana shan farar ƙwayar nan, duk ranar da ta ji ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki, ta ajiye maganin a take, ku kawo ta a auna jini a ranar. Ba gobe ba. Kada ku bi ta kemis." Ta sa kowannenmu ya maimaita. Ta ce maganin yana da kyau kuma yawancin mutane suna gamawa lafiya, amma a cikin mutum 1,000 akan samu 2 zuwa 5 da yake kashe musu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, galibi a wata ukun farko, kuma alamar farko a maƙogwaro take fitowa.

Na dawo gida na fara murmurewa. Barci ya dawo, na fara cika zanina, na zura zare da hannuna. Masu kawo ɗinki suka dawo, har da waɗanda suka guje ni. A nan ne shawarwari suka yi yawa. Wata ta ce in yawaita gishiri mai aidin da kifi, ai maganin maƙoƙo ke nan. Gaskiya ne akwai maƙoƙon da rashin aidin ke kawowa, don shi ne ma aka fara tilasta sa aidin a gishiri a Najeriya tun 1993, kuma ya yi amfani. Amma nawa ba na rashi ba ne, ƙara aidin a kan irin nawa na iya ƙara rura shi. Na riƙa amsawa da na gode, ina bin abin da aka ce mini a asibiti.

Ban cika wata biyu a kan maganin ba, ana shirin Babbar Salla, atamfofi da shaddoji da aka sayo daga Kantin Kwari sun cika mini ɗaki, na tashi da safe maƙogwarona na zafi. Kafin azahar zazzaɓi ya shigo, ga wasu ƙananan gyambuna a cikin kumatuna. A ido bai kai na farko muni ba ko kusa. Maƙwabciyata ta ce ai tonsil ɗin nan ne ya dawo, tana da sauran kafso. Babbar 'yata, tana aji biyu a sakandare lokacin, ta ɗauke kwalin maganina daga kan madubi ta riƙe a hannu, ta ce, "Umma, sista ta ce ba gobe ba." Ta kira babanta a waya, ya rufe shago ya taho.

Sakamakon jinin bai daɗe ba. Likitan da ke bakin aiki ya karanta, ya tashi da kansa ya kai ni wani ɗaki ni kaɗai. Fararen ƙwayoyin jinina masu yaƙi da bakteriya sun kusa ƙarewa ƙaf. Aka hana 'yan dubiya shiga, mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe hanci da baki, aka fara yi mini allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya dare da rana. Wannan zaman ya fi na farko wuya a zuciyata, domin a na farko ba na cikin hayyacina, a wannan kuwa ina ji ina gani, ina kallon fuskar likita kowace safiya in ya buɗe takardar gwaji. Aka yi Salla ina ɗakin nan, ina jiyo kabbara daga nesa. A hankali ƙwayoyin suka fara dawowa, zazzaɓin ya sauka, gyambunan suka rufe. Likitan ya faɗa mini a fili cewa abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne ajiye maganin da zuwa a ranar. Da na ci gaba da sha ina haɗawa da kafson maƙwabciya, cutar za ta shiga jini ta tarar babu mai tare ta.

Wannan ne ya sa nake rubuta labarin nan. A layin ganin likita na haɗu da mata da suka daɗe suna shan kabimazol, kuɗin mota ya fi ƙarfinsu, sai su riƙa kai tsohon kwali kemis ana ba su sabo. Na tambayi wasu ko an taɓa gaya musu batun ciwon maƙogwaro, suka ce a'a, ko kuma an faɗa da Turanci cikin sauri ba su kama ba. Takardar da ke cikin kwalin tana ɗauke da gargaɗin, amma da ƙananan baƙaƙe, a harshen da yawancinmu ba ma karantawa. Sistar nan ba ta kashe ko minti biyar ba, ta faɗa da Hausa, ta faɗa a gaban iyalina, kuma yarinya ƙarama ce ta riƙe. Ina ganin duk mai rubuta wannan magani da duk mai sayar da shi hakki ne a wuyansa ya yi haka.

Bayan abin da ya faru ba a sake mayar da ni kan maganin ba, aka kuma ce ɗan'uwansa da ake ba wasu shi ma yana iya yi mini irin wannan illa. Saura hanya biyu. Akwai aidin mai tururin nukiliya da ake sha ya ƙone tayirod a hankali, ana yin sa a Ibadan da Abuja, amma yana iya ƙara fito da idanu, nawa kuwa sun riga sun fito. Aka tsayar da tiyata. Kafin ranar aka shirya ni da ɗigon wani ruwan aidin na 'yan kwanaki da maganin zuciya, don kada abin da ya faru a daren farko ya maimaitu a kan gadon aiki. Na sa hannu bayan an gaya mini haɗarin: jijiyar murya tana bi ta bayan wurin, ga kuma wasu ƙananan ƙulle-ƙulle huɗu masu kula da kalsiyam a jini. Na farfaɗo muryata a shaƙe, leɓɓana da yatsuna na yi mini tsiki-tsiki, aka ba ni kalsiyam. Duka biyun sun wuce cikin 'yan makonni, alhamdu lillahi.

Yanzu ƙwayar Levothyroxine ce ke yi mini aikin da tayirod ke yi. Da ruwa zalla nake sha, cikina babu komai, in jira aƙalla rabin awa kafin shayi ko koko, kuma ba na haɗa ta da maganin ƙarin jini ko kalsiyam sai an samu tazarar sa'o'i. Da azumi nakan riga kowa tashi, in sha, in ɗora sahur, kafin a zuba abinci lokacin ya cika. Nakan je a auna TSH a ga ko ma'aunin ya yi daidai, an taɓa ragewa an taɓa ƙarawa. Idanuna ba su koma yadda suke da ba gaba ɗaya, amma sun lafa, ina sa ɗigon ruwan ido musamman lokacin ƙura.

Bara autana ya yi ciwon tonsil mai zafi, jikinsa rau, zuciyarsa na bugawa da sauri. Na kai shi asibiti na faɗa wa likita tarihina duka, domin an gaya mini cutar tayirod takan bi dangi. Ta ce zazzaɓi kaɗai yana sa zuciyar yaro gudu, abin lura shi ne in zazzaɓin ya sauka bugun bai sauka ba, ko yana ci yana ramewa. Ta rubuta masa maganin kwana 10, ta ce ko ya warware a kwana na uku sai ya shanye, saboda kare ƙofofin zuciyarsa. Ya shanye, muka koma ta auna shi, bugun ya dawo daidai, washegari ya tafi makaranta.